Ƙwaron darduma a ɗakin Baba: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Sanyi ya fara sauka a Kano, Hajiya ta ce a fito da barguna, a nan ɓarnar ta bayyana. Bargon ulu da ke can ƙasan adakar Baba, Allah ya jiƙansa, ya cinye a wurin ninki, gashin ya tafi sai zaren saƙa ya rage. Baƙar alkyabbarsa ta huhhuje a wuya da kafaɗa. Jar dara ta yi sanƙo a gefen da ke jingine da jikin adakar. Buzun da yake zama a kai yana karatu kuwa, ina ɗaga shi gashi ya zubo ƙasa dunƙule-dunƙule, an yanke shi daga tushe, fatar ta fito fili. Dardumar ulu da ya zo da ita daga aikin Hajji ma ta taɓu, amma a ɓangaren da ke ƙarƙashin kwabar littattafai kaɗai. Inda ƙafa ke takawa lafiya lau yake.

Hajiya ta duba ta ce, “Asu ne. Ka sa a sayo kafur a zuba.” Na ce, “To Hajiya, bari in gama duba kayan tukuna.”

Abin da ya sa ban yi saurin yarda ba shi ne babu yana ko kaɗan a jikin kayan. Tsutsar asu tana barin zare-zare masu kama jikin tufa, wata ma tana saƙa ɗan kwaroro ta shige ciki tana ja. A nan babu wannan. Abin da ke ƙasan adakar wani gari ne mai tsakuwa-tsakuwa, launin bargon, tare da ɗimbin ƙananan ɓawo masu ruwan ƙasa, marasa nauyi, masu gashi, numfashi kaɗai yana kwashe su. Na tara su a farar takarda, na zuba a kwalba na rufe. Ɗakin kuma na kulle shi, na hana a fitar da komai zuwa sauran ɗakuna.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na aro gilashin ƙara girman abu a wurin wani abokina malamin makaranta. Da shi da hasken waya na gane da wa nake faɗa.

Ɓawon nan saɓa ce. Tsutsar tana tuɓe fatarta sau da yawa kafin ta girma, kowace saɓa kuma tana riƙe da siffar mai ita, har gashin. Masu rai na same su a cikin ninkin alkyabba da gindin gashin buzu. Tsawonsu bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, gajeru ne masu kauri, da zobe-zoben ruwan ƙasa a jiki, gashi ko'ina, ga wasu tuntaye na gashi a gindi da suke bazawa idan an taɓa su. In ka san gizaka, to ƙanƙanuwarta ce a ido. Da na haska su sai suka juya suka nufi duhu, a hankali, ba gudu irin na kyankyaso ba.

Iyayen a bakin taga na tsince su, matattu, cikin ƙura. Ɗan ƙwaro ne kewayayye, milimita 2 zuwa 3 da ɗan ɗori, bayansa dabbare-dabbare da fari da rawaya da baƙi, cikinsa fari. Launin nan ƙananan ɓawo ne a jikinsa, idan ya tsufa suna gogewa ya yi duhu. Wannan shi ne ƙwaron darduma na jinsin Anthrenus, daga dangin da masana ƙwari ke kira Dermestidae. Yana da ɗan uwa baƙi, Attagenus, wanda tsutsarsa ta fi tsawo, mai ruwan zinariya, da dogon gashi a wutsiya. Wannan ban gan shi a ɗakin ba.

Yadda rayuwarsa take shi ya tsara mini aikin gaba ɗaya, don haka bari in rubuta. Babban ƙwaron ba ya cin tufa. Abincinsa garin fure ne da ruwansa, yana da fiffike, yana tashi, ta taga ko ta rufi yake shigowa. Macen tana neman wuri mai duhu da ba a motsawa, inda akwai gashi ko fata, ta zuba ƙwai gommai, har kusan 100 a wasu nau'o'in. Cikin mako 1 zuwa 3 su ƙyanƙyashe. Daga nan tsutsa ta kama ci, wata da watanni, a ƙasashe masu sanyi ma takan haura shekara. Idan abinci ya yanke ba ta saurin mutuwa, tana iya jure yunwa na tsawon lokaci. Da ta ƙoshi sai ta kwanta a cikin fatarta ta ƙarshe ta rikiɗe, ƙwaro ya fito, ya yi 'yan makonni a duniya. Wato wanda ka gani a taga ya riga ya gama aikinsa. Maɓarnaciyar tana can inda tsintsiya ba ta kai wa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau muka fitar da komai tsakar gida, ni da ƙanena, muka shimfiɗa tsofaffin zannuwa muka baje kayan a kai, don duk abin da ya faɗo mu gani.

Rabon ɓarnar ya koya mini abu. Manyan rigunan Baba na shadda da farin yadi babu abin da ya same su, auduga ce. Sallayar roba da bargunan zamani na Kantin Kwari, waɗanda zarensu na roba ne, ko alama babu. Abin da aka ci duk daga jikin dabba ya fito: ulu, gashin rago, fata, da wani mafici na gashin jimina wanda ya zama kara zalla. Tsutsar tana iya narkar da sinadarin da gashi da ƙaho da farce suka ginu da shi, abin da yawancin halittu ba sa iyawa. Wata tsohuwar riga mai aikin zaren tsamiya ita ta fi ba ni tausayi, jikin rigar lafiya, amma aikin aska an gaigaye shi a wurare, domin tsamiya siliki ce. A alkyabba kuma inda gumi da man kai suka taɓa nan suka fi yi wa illa. Tufar da aka ajiye ba a wanke ba ta fi jan su, har audugar ma sukan taɓa idan miya ko gumi ya bushe a jikinta.

Gafakar Alƙur'aninsa na buɗe da faɗuwar gaba. Alhamdu lillahi takardun lafiya. Fatar ce aka ɗan karce ta ciki, wajen ɗinki, na kuma sami saɓa a lungun.

Muka kasa kayan gida uku: wanda za a iya wankewa, wanda ruwa zai lalata, da wanda ya riga ya tafi. Na ƙarshen, mafici da wani tsohon matashi mai cushen gashi, muka ƙona su a bayan gida. Sauran kowanne muka kakkaɓe shi a rana, muka bi ɗinki da ninki da buroshi mai tauri, saboda ƙwan yana da rauni, goga tana fasa shi. Sannan kowanne ya shiga ledarsa aka ɗaure baki.

Ɗakin kuma muka janye kwaba da gado, muka naɗe dardumar. Abin da ke ƙarƙashi ba ya faɗuwa: ƙura, gashin kai, matattun ƙwari, duk sun dunƙule a gindin bango. Wannan kaɗai ya ishi tsutsar abinci ko babu bargo a ɗakin. Na aro injin zuƙar ƙura muka bi kowace tsaga, muka juye abin da ya tara a leda muka ƙona nan take, don in an bar shi a cikin injin za su ci gaba da rayuwa a can.

Lahadi, 1 ga Disamba

'Yar autarmu ta tashi da ƙuraje jajaye a hannu da wuya, tana ta susa. Uwargida ta ce, “Malam, anya ba kuɗin cizo muka kwaso ba?” Muka kwance gadon yaran muka duba ɗinkin katifa da mahaɗar katako. Kuɗin cizo ba ya ɓoye sawunsa, za ka ga ɗige-ɗigen baƙi da tabon jini, ga warinsa. Babu ko ɗaya. Da muka bi sawu, ashe yarinyar ta kwanta a kan zanen da muka baje kayan ranar Asabar ɗin can. Ƙwaron darduma ba ya cizo, ba ya shan jini. Gashin tsutsar ne da na saɓarta ke shiga fatar wasu mutane ya tayar da ƙaiƙayi, wasu har da atishawa da jan ido, wasu kuma ba ya yi musu komai. An kai ta asibiti an ba ta man shafawa, an wanke zannuwan da ruwan zafi.

Wannan ne ya tayar da maganar feshi. Kawu ya zo gaishe da Hajiya, ya ji labari, ya ce, “Kai, wannan wahalar ta mece ce? A sayo fiya-fiya a yayyafa, a rufe ɗakin kwana biyu, shi ke nan.” Na ce, “Kawu, a yi mini haƙuri a kan wannan, akwai yara a gidan.”

Ba taurin kai ba ne. Fiya-fiya yawanci dichlorvos ne, maganin gona, guba ce mai taɓa jijiyoyi, tana shiga ta numfashi da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutanen da yake hallakawa. Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan hatsi, wadda ke fitar da iskar fosfin, ta fi shi haɗari, iskarta tana ratsa bango ta kashe mutanen da ke barci a ɗaki na kusa. Ba abin shigowa da shi gidan da ake kwana ba ne ko da wasa. Kuma ko an yi feshin, in ba a taɓa inda suke fitowa ba, wata biyu sun dawo.

Kafur ma na roƙi Hajiya a bar shi. Farar ƙwayar da muke kira kafur a kasuwa yawanci naftalin ce. Ba ta kashe tsutsa sai a cikin mazubi mai rufi ruf inda tururinta zai taru sosai, a adaka mai ɓaraka ƙamshi kawai take bayarwa. Illarta kuwa tabbas ce: yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin jinin nan da likitoci ke kira G6PD, kuma suna da yawa a Najeriya, naftalin na iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Jariri ya sa kayan da aka ajiye da kafur, ya kamu da shawara mai tsanani. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan ƙwaya tun 2008. Matar ƙanena tana da ciki, kuma al'adar gidanmu a adakar Hajiya ake ajiye kayan jariri. Da na faɗi wannan Hajiya ta yi shiru, can ta ce, “To Allah ya kyauta. Ku fitar da wanda ke tawa adakar ma.”

Asabar, 14 ga Disamba

Wanki. Zannuwa, labule, rigunan auduga, duk da ruwa mai zafin da hannu ba ya iya zama a ciki, wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, sannan guga. Ulu ba ya son ruwan zafi, yana tsukewa ya dunƙule, don haka bargon da alkyabbar na kai wa masu wankin da ba na ruwa ba, na kuma gaya musu abin da ke jikinsu don kada su haɗa da kayan mutane.

Na so in yi amfani da firiza, domin gidajen adana kayan tarihi suna yi: a ɗaure abu a leda, a sa shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har mako 2. Sharaɗin shi ne sanyin ya ɗore ba yankewa. Da irin wutar unguwarmu firiza ba ta kwana biyu a daskare, kuma sanyin da ke zuwa yana tafiya ba ya kashe su. Na ajiye wannan dabara. Buzu da dara da gafaka da rigar tsamiya za su zauna a ɗaure a leda har bazara, ina da wani shiri a kansu.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ɗakin a share yake, babu ulu ko ƙyalle a ciki tun Nuwamba, amma jiya na ga tsutsa tana hawa bango kusa da kusurwar gabas, yau kuma na ga sabuwar saɓa a kan kwaba, a samanta. Abin da ke kan kwaba daga sama ya faɗo. Na sa tsani na ɗaga allon silin.

Tantabaru. Shekara da shekaru suna shiga ta wata kafa a ƙarƙashin kwano, mun san da su, muna jin kukansu, Baba ma yana son su. Abin da ban taɓa gani ba shi ne abin da suka tara: sheƙa a kan sheƙa, gashi, kashi busasshe, fasassun ƙwai, gawar 'yan shila da ta bushe. Na ɗebo kaɗan a cebur na haska, yana motsi. Asalin gidan ƙwaron nan a daji ke nan, sheƙar tsuntsu da gawar dabba da gidan zanzaro, inda yake share abin da ya mutu. Adakar Baba reshe ce kawai. Daga nan suke saukowa ta tsagar silin, kuma da na yi feshi a ƙasa sau goma da ba abin da zai canza.

A cikin silin ɗin na ci karo da abu na biyu. Fatar ragon layyar bara, wadda wani daga cikin yaran gidan ya shanya ya naɗe ya cusa a can da niyyar yin buzu, aka manta. Ba a jeme ta ba, da sauran kitse da nama a jiki. Ƙwarin da ke cikinta daban ne: manya, milimita 6 zuwa 10, dogaye, baƙi-baƙi a baya, fari a ciki, tsutsarsu ta kai milimita 15, baƙa mai gashi da layi mai haske a gadon baya. Wannan Dermestes ne, ƙwaron fata, ɗan gida ɗaya da na darduma. Duk mai sayar da bandar kifi ya san shi, shi ne ke mayar da kifin da aka ɗauko daga Baga gari a cikin kwali, shi ne kuma abokin gabar masu ƙiraga. Tsutsarsa idan za ta rikiɗe takan huda katako ta shige, na kuwa ga ƙananan ramuka a jikin katakon rufin da fatar ke jingine da shi. Dangin nan suna da wani ɗan uwa, Trogoderma, mai cin hatsi da gyaɗa a rumbu da sito, saboda haka na sa uwargida ta duba buhunan ɗakin ajiya. Lafiya suke.

Kwashe sheƙar ba aikin garaje ba ne. Ƙurar busasshen kashin tsuntsu tana iya sa ciwon huhu, don haka muka sa takunkumi da safar hannu, muka yayyafa ruwa ya jiƙa kafin mu taɓa, muka zuba a buhuna, muka ƙona har da fatar. Sheƙa ɗaya mai 'yan shila a ciki muka bar ta sai sun tashi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

'Yan shilan sun tashi. An kwashe sheƙar ƙarshe, kafinta ya toshe kafar da ragar ƙarfe, ya kuma yi wa tantabarun akurki a can bayan gida, nesa da ɗakuna. Hajiya ce ta nace a kan wannan, ta ce ba za a kori tsuntsayen Malam, wato Baba, a bar su ba masauki ba. Magini ya liƙe tsagogin gindin bango da siminti, ya bi gefen silin da abin toshe ɓaraka. Yana aikin yana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An sa sabuwar raga a tagogi.

A cikin silin kaɗai na yarda aka yi magani, nau'in permethrin da aka yi don gida, a tsagogi da jikin katako, bisa yadda takardar kwalbar ta ce, ɗakin a rufe, yara a nesa. Ba a fesa wa tufa ko shimfiɗa ba. Na ajiye tarkon danƙo, irin kwalin nan mai gam, a bakin taga da bayan kwaba da cikin silin. Ba don ya ƙarar da su ba, don in riƙa ganin ko suna raguwa.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya yi nisa, zafi ya fara. Tarkon taga ya kama manyan ƙwari da dama a makonnin nan, na bayan kwaba kuwa tsutsa ƙalilan. Ban tsorata ba. Waɗanda suka riga suka kwanta a tsagogi kafin mu toshe su ne ke fitowa suna neman haske. Shara dai kowace Asabar, a janye kwaba, a bi gindin bango.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ranar da nake jira. Zafin Kano a wannan wata yana kai wa digiri 40 a inuwa, kuma shi ne makamin da ba mu saya ba.

Shanya a fili, yadda iyayenmu ke yi, tana da amfani, tana korar tsutsa ta faɗo. Amma ba ta gamawa da su, domin iska tana sanyaya kayan, tsutsar kuma tana komawa ɓangaren da ke ƙasa. Abin da ke kashe ƙwai da tsutsa da babba gaba ɗaya shi ne zafi ya kai digiri 55 har tsakiyar kayan, ya kuma zauna 'yan sa'o'i. Masu adana kayan tarihi a ƙasashe masu zafi suna samun wannan da baƙar leda da rana, haka na yi.

Kowane abu na naɗe shi da farin zanen auduga, don ya tsotse gumin da zai taso kada ya ɗiga a kan kayan. Na sa a baƙar leda mai kauri, na matse iska, na ɗaure. Ɗaurin yana da dalili biyu: ƙwaro ba zai fita ba, kuma damshin jikin fatar ba zai tsere ya bar ta ta bushe ta tsattsage ba. Ban tara su ba, kowanne a baje, ba kauri. Ban kuma ajiye su a ƙasa ba, na ɗora a kan gadon ƙarfe mara katifa a saman bene, saboda ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana zama mafaka mai sanyi. Ma'aunin zafi irin na masu gashin burodi, mai dogon tsinke, na cusa shi tsakiyar buzun ta ɗan rami na liƙe gefensa.

Da hantsi yana 40 da 'yan kai. Kafin azahar ya haura 55, ya kai wajen 60, ya zauna a nan har la'asar. Na juya ledojin sau ɗaya a tsakani. Da yamma na shigo da su inuwa, ban kwance ba sai washegari da suka huce. A cikin zanen buzun na ga tsutsotsi sun fito daga gindin gashi sun mutu a miƙe. Su ne waɗanda buroshi bai samu ba a Nuwamba, sun yi wata huɗu da ɗori a ɗaure a leda suna ci.

Dardumar ta fi wuya saboda kaurinta. A naɗe zafi ba ya kai wa tsakiya, don haka muka shimfiɗa ta a kan karaga biyu, baƙar leda sama da ƙasa, muka danne gefuna da bulo. Gafakar ita kaɗai na sa, na cire takardun na ajiye a ɗaki, ba na son zafi ya taɓa tawada da tsohuwar takarda. Su na bi su ganye-ganye da buroshi mai laushi. Duk abin da aka haɗa da gam ko aka shafa wa kakin zuma bai dace da wannan hanya ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na canza tarkuna. Na taga ya kama kaɗan, na bayan kwaba da na silin babu tsutsa. Matar ƙanena ta sauka lafiya, namiji, kayansa a sabon akwati babu kafur.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kai buzun majema a Ƙofar Wambai. Dattijon da ya karɓa ya shafa shi ya ce, “Alhaji, gashin da ya tafi ba ya dawowa, amma fatar tana da rai.” Shawararsa a yanke gefen da ya yi sanƙo, a sake shafa mata mai ta yi laushi, baduku ya yi mata baki da jar fata. Zai ragu, amma zai zaunu. Ya ce fatar da aka kankare da kyau aka jeme da bagaruwa ba ta cika jan ƙwaro ba kamar wadda aka shanya kawai, ko da yake gashin da ke kanta kullum abinci ne. Su a wurinsu gishiri da saurin aiki ne kariya.

Alkyabbar tana wurin mai ɗinki, zai cike hudojin da zare baƙi. Bargon an yanke inda ya cinye an kalmashe, ya koma na yara. Rigar tsamiya na bar ta yadda take, ban so a sa sabon zare a aikin hannun da ya girme ni ba.

Ajiya ta canza. Adakar katakon tana nan, amma kayan ulu da fata sun koma manyan robobi masu murfi mai kamawa, kowanne a wanke, a bushe ƙarau, a naɗe da farin zane, saboda a kan fari ake saurin ganin gari ko saɓa. Hajiya ta zuba busasshen ganyen darbejiya da kanumfari a ciki. Ban hana ba, ba sa cutar da kowa, murfin ne dai ke aikin. Abin da na fi kula da shi shi ne bushewar, don damina na tafe, kuma kayan da aka rufe da damshi fumfuna za su yi. Dardumar ta koma ɗakin, amma an matsar da kwaba daga kanta, babu wani ɓangare nata da tsintsiya ba za ta kai ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Shekaranjiya Juma'a aka yi Babbar Sallah. Tun kafin a yanka na tara yaran gidan na ce fata ba za ta kwana a gidan nan ba. Wadda za a bayar aka bayar a ranar. Ɗaya da ƙanena yake so a yi wa jaririnsa buzu, muka kankare kitsen tas, muka cika cikinta da gishiri, jiya da safe ya kai ta majema. Ƙaho da kofato da ƙasusuwan kai ma ba a bar su a lungu ba, an binne su, domin su ma abincin ƙwaron fata ne.

Na hau silin bayan ruwan daren jiya. Ragar tana nan daram, babu sabon gashin tsuntsu, babu yoyo. Tarkon ciki ya kama gizo-gizo da 'yan ƙudaje. Na taga ya kama ƙwaron darduma guda, wanda zai iya zama daga waje ya zo, tunda furanni sun fara buɗewa a unguwa. Na buɗe robobin na duba fararen zannuwan, babu gari, babu saɓa.

Ban ɗauka an gama ba, tunda tsutsar na iya yin watanni a ɓoye. Tarkuna za su zauna, ana canza su duk wata. Sharar gindin bango tana nan kowace Asabar. Robobin za a sake buɗe su a ƙarshen Agusta lokacin da damshi ya fi yawa, sannan a Nuwamba kafin a raba barguna. Ɗakin Hajiya da na ƙanena ban hau silinsu ba tukuna, kuma akwai jemagu a na ƙanena. Mako mai zuwa da shi zan fara.